Wuƙa da nama a hannun wa? David Bowie da kundayen zaɓaɓɓun waƙoƙinsa

Ɗan yayata ne ya jawo maganar. Ya ji wata waƙa ta David Bowie a cikin wani fim, ta shiga ransa, ya je neman sauran, sai ya tarar da kundaye rututu, kowanne yana iƙirarin shi ne ya tattaro fitattun waƙoƙin mutumin. Ya bugo mini waya: "Kawu, waɗannan ai duk abu ɗaya ne, ko? Wanne zan ɗauka?" Na ce masa ba abu ɗaya ba ne, ya ba ni kwana biyu.

An haifi Bowie a unguwar Brixton da ke Landan ranar 8 ga Janairun 1947, sunansa na yanka David Robert Jones. Faifansa na farko ya fito a 1964 yana ɗan shekara 17. Na ƙarshe, Blackstar, ya fito ranar 8 ga Janairun 2016, kwana biyu kafin ya mutu. Sama da shekara hamsin ke nan yana fitar da waƙa, kuma bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Ya yi waƙar jita mai sanyi. Ya rina gashinsa ja ya shafa kwalliya ya ce shi Ziggy Stardust ne. Ya tafi Philadelphia ya koyo kiɗan baƙaƙen Amurka, ya koma Berlin ya kama kiɗan na'ura, a 1983 kuma ya fito da kwat yana kiɗan rawa da ya cika gidajen rediyon duniya. 'Yan jarida har sun gaji da kiransa hawainiya. To mutum irin wannan, idan aka ce a zaɓo masa waƙa goma sha ko ashirin da za su wakilce shi, wanda aka ba wuƙa da nama shi zai yanke wane Bowie ne mai saye zai gani. Masu riƙe wuƙar kuwa sun yi ta canzawa: yau kamfani, gobe girman faifai, jibi kasuwar wata ƙasa, wani lokaci shi kansa mawaƙin.

Bari in fara da wanda na fi so, don kada in ɓoye inda na karkata. A watan Mayun 1976 kamfanin RCA ya fitar da Changesonebowie. Waƙa 11 ce kacal, daga "Space Oddity" ta 1969 zuwa "Golden Years" ta ƙarshen 1975. Ba rowa ce ta sa aka tsaya a 11 ba. Faifan garmaho gefe biyu gare shi, kowane gefe minti ashirin da 'yan kai yake ɗauka, idan an cusa fiye da haka sauti ya yi laushi. Dole a yar da wasu. Hoton bango ma kansa magana ce: baƙi da fari, gashi an taje shi ya kwanta baya, babu kwalliya ko ɗigo. Wanda ya san Ziggy da jan gashinsa zai ga kamar ana ce masa wancan yaro ya girma.

Abin da aka yar shi ne abin mamaki. Babu "Life on Mars?", wadda ta hau mataki na 3 a jerin waƙoƙin da suka fi ciniki a Birtaniya a 1973. Babu "Starman", waƙar da ya rera a talabijin a 1972 ta sa rabin matasan Ingila suka san shi dare ɗaya. A maimakonsu aka sa "Ziggy Stardust" da "Suffragette City", waɗanda a lokacin waƙoƙin cikin kundi ne, ba su yi tashe a kan ƙaramin faifai ba. Ita ma "Changes", wadda kundin ya aro sunanta, ko shiga jerin Birtaniya ba ta yi ba lokacin da ta fito a 1972. A nawa karatun, idon RCA a kan Amurka yake. Shekara guda kafin nan "Fame", wadda ya rubuta tare da John Lennon da Carlos Alomar, ta zama waƙarsa ta farko da ta kai mataki na 1 a can, kuma kamfanin yana son ya nuna wa sababbin masu saye mawaƙin rok mai jita da ganga wanda ya gangaro zuwa kiɗan rawa. Ko mene ne dalilin, abin ya yi daɗin ji. Ka ɗora faifan, ka juya shi sau ɗaya, ka gama ba ka tsallake waƙa ko ɗaya ba. Labari ne mai kai da gindi, kuma da ya yi ƙoƙarin faɗar komai da bai samu wannan ba.

Ƙanensa, Changestwobowie na 1981, tsintar abin da aka bari ne. Nan "Starman" ta samu shiga, da "Ashes to Ashes" da "Fashion", amma babu "Heroes". Lokacin zaman Bowie da RCA ya zo ƙarshe, kuma da ya koma EMI ya yi kasuwa da Let's Dance a 1983, tsohon kamfanin nasa bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya ci gaba da kwaso tsofaffin waƙoƙi yana sake musu riga: Golden Years a 1983, Fame and Fashion a 1984. Ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Ganin hadari ne ya sa kowa ya fito da tulunsa.

Sai dai suna nuna wani abu da mai saye ba ya gani a bango, wato maganar haƙƙin mallaka. Kamfani ba ya iya sa waƙar da ba tasa ba a kundinsa sai da yarjejeniya da kuɗi. Waƙoƙin da Bowie ya yi daga ƙarshen 1966 zuwa 1967 suna hannun Deram, reshen kamfanin Decca, kuma Decca ta yi ta jujjuya su shekara da shekaru. A 1973, yana kan ganiyar Ziggy, suka sake fitar da "The Laughing Gnome", wata waƙar barkwanci mai muryar 'yan tsana da ya yi tun yana lalube, ta kuma hau mataki na 6. Na shekarun 1970 suna RCA, na shekarun 1980, daga Let's Dance, suna EMI. Shi ya sa aka daɗe duk kundin da ya ce ya tattaro rayuwar Bowie, in ka duba sai ka ga iyakar gonar kamfanin ya tattaro.

A ƙarshen shekarun 1980 waƙoƙin zamanin RCA suka dawo hannun Bowie, ya ba wani ƙaramin kamfanin Amurka, Rykodisc, izinin sake fitar da su a faifan CD. Suka buɗe da akwatin Sound + Vision a 1989: CD uku na waƙa, daga 1969 zuwa 1980. Wannan akwati ba don baƙo aka yi shi ba. Ya buɗe da "Space Oddity", amma ta gwaji, wadda aka ɗauka kafin a shiga situdiyo. Da aka zo kan "Heroes" sai aka sa "Helden", wadda ya rera da Jamusanci. Manyan waƙoƙi da dama an bar su da gangan, domin kamfanin yana shirin sayar maka da kundayen asali ɗaya bayan ɗaya, kuma akwatin ɗanɗano ne. Ya ci kyautar Grammy, amma ta kyawun kwali. Wanda ya riga ya mallaki komai zai ji daɗinsa. Ɗan yayata kuwa zai ɓata a ciki.

Na baƙi shi ne Changesbowie na 1990, wanda ya kai mataki na 1 a Birtaniya. CD yana ɗaukar sama da minti 70, don haka aka ɗauko jerin 1976 aka ƙara masa na baya har zuwa "Blue Jean" ta 1984, waƙa 18. Laifinsa biyu. Na farko, an cire "Fame" ta asali aka sa sabon haɗi mai suna "Fame '90", wanda yau idan ka ji shi sai ka ji shekarar 1990 tana wari a jikinsa, alhali ta 1975 ba ta tsufa ba. Na biyu, "Life on Mars?" da "Starman" sun sake rasa gurbi a CD ɗin, sai wanda ya sayi kaset ko faifan garmaho na Birtaniya ne ya same su. A shekarar ce kuma Bowie ya yi rangadin da ya ce daga shi ya yi sallama da tsofaffin waƙoƙinsa, ya buɗe layin waya mutane su zaɓi waɗanda zai rera. Mujallar NME ta tayar da gangami a yi ta zaɓar "The Laughing Gnome" don tsokana. Bai rera ta ba. Sallamar ma ba ta ɗore ba, don bayan wasu shekaru ya dawo da yawancinsu fage.

A 1997 maganar ta koma ta banki. Bowie ya sayar da takardun lamuni na dala miliyan 55, jinginarsu kuɗin da kundayensa 25 na kafin 1990 za su riƙa kawowa, wa'adin shekara goma. Kamfanin inshora na Prudential ya saye su. Da wani ɓangare na kuɗin ya fanshi kason da tsohon manajansa, Tony Defries, yake da shi a waƙoƙin. A shekarar ne EMI ta karɓi tsofaffin waƙoƙin, ta fara yanka rayuwar gida-gida: kundin 1969 zuwa 1974, na 1974 zuwa 1979, daga baya na 1980 zuwa 1987. Tsohuwar waƙa ta zama kadara kamar gidan haya, kuma gidan haya ba a barinsa a kulle.

Best of Bowie na 2002 shi ne inda kasuwa ta karɓi wuƙar baki ɗaya, ba tare da kunya ba. Ba kundi ɗaya ba ne. Iri 20 ne, aka rarraba wa yankuna 21 na duniya, kowane yanki da jerin waƙoƙin da suka fi ciniki a wurinsa. Idan ka ɗauki kwalin ka juya gefensa, mafi yawansu za ka ga 'yar ƙaramar tutar ƙasar da aka yi wa shi. Mutum biyu za su yi musu a kan kundi mai suna ɗaya da hoto ɗaya, alhali ba abu ɗaya suka saurara ba. Gaba ɗaya waƙa 63 ce ta fito a iri ɗaya ko fiye. Na Birtaniya mai CD biyu, waƙa 39, shi ne ya fi cika, kuma gaskiya idan tambayar ita ce "waɗanne waƙoƙin Bowie ne mutane suka fi sani", ya amsa ta. Bayan mutuwarsa a 2016 ma shi ne ya hau mataki na 1 a Birtaniya. Amma jerin ciniki ne aka kwafe. Babu wanda ya zauna ya yi tunanin me zai biyo bayan me.

A nan ne ya kamata in tsaya kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya game da kusan dukkan kundayen nan, wato yanke waƙa. Don a samu wuri, akan sa gajeren zubin da aka yi wa rediyo. Ɗauki "Heroes". A kundinta na 1977 ta haura minti shida. An ɗauke ta a situdiyon Hansa, kusa da Katangar Berlin, kuma furodusa Tony Visconti ya yi wata dabara: ya jera makirufo uku, ɗaya a bakin Bowie, ɗaya can tsakiyar zauren, ɗaya can ƙurya, ya saita na biyu da na uku yadda ba za su buɗe ba sai murya ta kai wani ƙarfi. Bowie ya fara a hankali, kamar mai yi wa na kusa da shi raɗa, jitar Robert Fripp tana kuka a bayansa. Baiti bayan baiti yana ɗaga murya, makirufo na biyu ya buɗe, ka fara jin faɗin ɗakin. Kafin ƙarshe yana ihu, na uku ya buɗe, zauren gaba ɗaya ya shigo cikin waƙar. Wannan hawan shi ne waƙar. Zubin rediyo, minti uku da rabi, ya datse baitocin farko, ya ajiye ka dab da wurin ihun. Kamar a kai ka gidan biki ana watsewa. Kuma wannan datsattsen shi ne yawancin mutane suka sani. Af, waƙar da yau ake ɗauka tambarinsa ce, a 1977 mataki na 24 ta tsaya a Birtaniya.

Akwai kuma abin da ba a datsewa, sai dai a bar shi waje gaba ɗaya. Gefe na biyu na kundin Low, wanda ya yi da makaɗi Brian Eno, kusan duk kiɗa ne zalla mai tafiyar hawainiya, irin su "Warszawa". Waƙar "Station to Station" minti goma ce. Waɗannan su ne ayyukan da mawaƙan da suka biyo baya suka fi ɗauka daga gare shi, amma ba su dace da kundin fitattu ba. Wanda ya san Bowie ta Best of Bowie kaɗai zai ɗauka zamansa na Berlin waƙa biyu ce ko uku masu amshi.

To shi mai kayan fa, in an miƙa masa wuƙar? An gwada. A watan Yunin 2008 jaridar Mail on Sunday ta raba wani CD kyauta, iSelect, waƙa 12 da Bowie ya zaɓa da kansa ya kuma rubuta bayani a kan kowace. Babbar waƙa ɗaya ce a ciki, "Life on Mars?", wadda kamfanoni suka yi ta mantawa da ita. Sauran irin su "The Bewlay Brothers" ne da "Lady Grinning Soul" da "Teenage Wildlife" da "Some Are", waɗanda sai ɗan gida ya san su. Har da "Time Will Crawl" daga Never Let Me Down na 1987, kundin da shi kansa ya sha kushewa, amma ya sa aka sake haɗa ta, aka cire gangar na'ura aka sa ta hannu. Babu "Let's Dance", babu "Rebel Rebel". Mutumin yana gyara tarihinsa ne, yana nuna inda yake ganin an yi masa gurguwar fahimta.

Wannan gyaran ya kai maƙura a Nothing Has Changed na Nuwamban 2014. Shi ne na farko da ya ratsa dukkan iyakokin kamfanoni, daga 1964 zuwa 2014. Ya fito a zubi daban-daban, kowanne da hoton Bowie yana kallon madubi a wani zamani na rayuwarsa. Mai CD biyu jeri ne na al'ada, daga farko zuwa ƙarshe. Mai CD uku, waƙa 59, shi ne abin magana, don an jera shi a baibai. Ya buɗe da sabuwar waƙa, "Sue (Or in a Season of Crime)", minti bakwai da ɗoriya na kiɗan jaz mai kaushi tare da ƙungiyar makaɗan Maria Schneider. Daga nan sai ya riƙa komawa baya.

Ka lura da abin da wannan jeri ya tilasta wa mai sauraro. A kundin al'ada, waƙoƙin tsufa suna can ƙarshen faifai na biyu, inda mutane ke kashe rediyo su tashi. A nan CD na farko gaba ɗaya na 1995 zuwa 2014 ne: waƙoƙin kundayen Outside, Earthling, Heathen, Reality, The Next Day, har da waƙoƙi daga Toy, kundin da ya ɗauka a 2000 amma aka jingine shi. Kafin ka kai ga Ziggy sai ka ratsa ta wurin dattijon. Shekarun da masu sharhi suka saba tsallakewa da jimla ɗaya su aka ba kashi ɗaya cikin uku na wurin. An biya farashin wannan a wani gefen: kundaye ukun da ake kira na Berlin, Low da "Heroes" da Lodger, waƙa ɗaiɗai suka samu. Tin Machine, ƙungiyar da ya kafa a ƙarshen shekarun 1980, ko ƙeyarta ba a gani ba. "The Laughing Gnome" ma haka. Ashe shi ma mai kayan yana da abin da yake turawa ƙarƙashin gado.

Duk da haka, sauraronsa daga farko zuwa ƙarshe wani abu ne da sauran ba su da shi. Muryar tana ƙara yarinta kana ji. Kaurin tsufa yana zubewa, ta koma siririya mai kaifi ta shekarun 1970, ta koma ta saurayi mai kwaikwayon wasu, har ka dire a "Liza Jane" ta 1964, da sunan Davie Jones da ƙungiyar King Bees, faifan da bai yi kasuwa ba ko kaɗan. Yaro ne ɗan shekara 17 yana ƙoƙarin yin murya irin ta baƙaƙen Amurka, kuma babu abin da ke nuna zai zama wani. Ita kuma "Sue" da ta buɗe kundin ba ƙarshen tafiya ba ce kamar yadda aka zata. A cikin makaɗan Schneider ne ya haɗu da mai busa Donny McCaslin, wanda ƙungiyarsa ta yi masa kiɗan Blackstar.

Legacy, wanda ya fito a Nuwamban 2016 bayan mutuwarsa, kusan zubin CD biyu na Nothing Has Changed ne aka sake wa suna, aka ƙara "Lazarus" da "I Can't Give Everything Away" da sabon haɗin "Life on Mars?". Amfaninsa shi ne ya kai har ƙarshe. Ban da wannan ba shi da ra'ayin kansa. Yanzu wuƙar tana hannun magada da kamfanin Warner, wanda reshensa na Warner Chappell ya sayi haƙƙin rubutun waƙoƙin a farkon 2022 a kan kuɗin da aka ruwaito sun haura dala miliyan 250. Tana kuma hannun manhajojin sauraron waƙa, masu jera wa mutum abin da aka fi dannawa, wato dabarar 2002 ce ba tare da tuta ba.

Da kwana biyun suka cika na kira yaron. Na ce ya fara da Changesonebowie, ya zauna da shi mako guda ba tare da ya taɓa wani ba. In ya ji yana son ƙari, ya nemi Nothing Has Changed mai CD uku, ya saurare shi yadda aka jera shi, kada ya yi wayon farawa daga na uku. "Heroes" kuwa ya nemo ta a kundinta, mai minti shida.

Bayan kwana huɗu ya bugo. "Kawu, na saurari na farkon ya fi sau biyar, ya yi daɗi wallahi. Amma waƙar da na ji a fim ɗin ba ta ciki."

Sai a lokacin na tuna ban taɓa tambayarsa wace waƙa ce ba. Na ce ya rera mini kaɗan. Ya yi gyaran murya ya jawo amshin ta cikin waya, yana kuskuren kalmomin. "Starman" ce.